Hutun zafi a Abha da iyo a Wadi Lajab: a haɗa tafiya ko a haƙura?

Abu Hanif, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Mun dawo daga Abha ni da iyali, na ce ba zan ɓoye abin alheri ba. Yawancinmu in aka ba yara hutun zafi abu biyu muka sani: ko a haɗa kuɗin tikiti a tafi gida, ko a rufe ƙofa a kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har a koma makaranta. Alhali a cikin ƙasar nan ta Saudiyya akwai inda za ka nemi bargo a watan Agusta. Abha na bisa tudu sama da mita 2,200, Dutsen Suda da ke kusa da ita kuma ya kai kusan mita 3,000.

Ranar da ta fi yi mini daɗi, muna idar da asuba muka hau Suda, muka bi wata 'yar hanyar ƙafa a cikin itatuwan ar'ar. Hazo na tasowa daga ƙasan kwari yana wuce mu, har wanda ke gabanka ya ɓace maka. Da hantsi muka sauko bakin tafkin madatsar ruwa ta Abha, muka zaga da ƙafa, muka shimfiɗa tabarma. Sai dai ga ruwa kwance, ga allo an kafa an hana shiga. Yara suka yi ta ƙorafi. Washegari ni da abokaina muka gangara Wadi Lajab a yankin Jazan, can muka rama. Kwazazzabo ne tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, wani wurin faɗinsa bai wuce taku kaɗan ba, ruwa na gudu a tsakiya. Kana tafiya kana hawa dutse, in ka zo gurbi mai zurfi ba wata hanya sai ka faɗa ka yi iyo ka fita ta can. Shawarata mu haɗa tafiya ta zaure kafin hutu ya ƙare. Wa ke ciki?

Kabiru Ɗan Tiga, Riyad:
Wa alaikumus salam. Rubuta sunana a farko, Yaya. Amma zancen allon nan ya ɓata mini rai. Ni a bakin dam ɗin Tiga na tashi, kafin in iya karatun Fatiha na iya ruwa. A ce mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 ya tarar da ruwa, sannan a ce kallo kawai zai yi? Da ni ne da na zagaya can bayan inda ba ido na ɗan jiƙa jikina.

Hajiya Rabi, Makka:
Innalillahi. Kabiru, ɗana, share wannan magana kafin yaran da ke zauren nan su karanta. Kai kuma Abu Hanif, ka dawo lafiya, mun gode Allah, amma ba na bayan a kwashi 'ya'yan mutane a kai su cikin kwazazzabo a watan ruwa. Ku da kuka zo daga baya ba ku san wadi ba. A 2009, ranar Laraba, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwa ya sauka a Jidda. Sama da mutum 120 suka rasu, unguwar Ƙuwaiza ta fi ji a jiki. Motoci aka riƙa tsinta a kan juna. Wannan a cikin gari ke nan mai tituna, inda mutum zai iya hawa bene. A tsakanin duwatsu biyu ina za ka hau?

Abu Hanif, Jidda:
Inna Rabi, Allah ya ƙara girma. Ranar da muka shiga ko ɗigon hadari babu a sama, rana tarwai.

Hajiya Rabi, Makka:
Saman da kake gani daga cikin kwazazzabo nawa take? Ka ce mini faɗin wurin taku kaɗan ne.

Dakta Sadiya, Khamis Mushait:
Bari in sa baki tunda a nan nake aiki, Abha maƙwabciyarmu ce. Hajiya ta taɓo ainihin wurin. Ruwan da ke kashe mutum a wadi ba a kansa yake sauka ba. Yana sauka ne can bisa duwatsu, nesa, inda ba ka gani ba ka ji. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba sai ya gangaro, ƙoramu su haɗu su matse a wuri ɗaya, wurin kuwa shi ne inda kake tsaye. Kuma ba ruwa zalla yake zuwa ba, da taɓo yake zuwa da itace da duwatsu. Yuli da Agusta suna cikin watannin da ake ruwa a duwatsun Asir da Jazan, yawanci da yamma: safe garau, azahar hadari ya haɗu, la'asar a kece. Wanda ke nan ya san haka.

Malam Kabiru, zancen dam kuma daban ne, kuma hanin ba don a takura wa kowa ba ne. An gina madatsar Abha a 1974, shekarar da aka kammala taku ta Tiga, kun ga tsararraki ne. Ruwan da ake tarawa a bayanta ambaliya ce daga tudu, kowace shekara tana kawo laka tana jibgewa a ƙasa. Mutum ya sa ƙafa yana zaton ƙasa ce, sai ta nutse, ya yi ƙoƙarin zarewa ɗayar ma ta shige. Gefen ma ba a hankali yake gangarawa ba, kwari ne aka toshe, taku biyu ruwa a gwiwa, na uku ya shanye ka. Ga sanyi: saman ruwan rana ta ɗumama shi, amma ƙasa kaɗan sanyi ne ƙarara. Jikin da ya faɗa ruwan sanyi farat ɗaya yana zuƙar numfashi ba da son mai shi ba, in kai na cikin ruwa a lokacin to ruwa ya zuƙa.

Kabiru Ɗan Tiga, Riyad:
Dakta, da girmanki, duk wannan ga wanda bai iya ba ne. Iya ruwa fid da kai. Laka kuwa a Tiga ma akwai ta.

Dakta Sadiya, Khamis Mushait:
A Tiga ka san inda lakar take, ka san inda masunta ke bi, in ka yi jinkirin fitowa akwai mai kwalekwale kusa. A nan baƙo kake, kuma ka ce bayan inda ba ido za ka zagaya, wato inda ba mai ceto. Wani abin da ya kamata 'yan Jidda su sani: yaran da suka koyi iyo a bakin tekun Abhur a ruwan gishiri suka koya. Bahar Maliya na ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, shi ya sa take tallafe mutum. Yaron da ya saba da ita in ya shiga ruwan daɗi sai ya ji jikinsa ya yi nauyi, ya firgita, firgitar ce ke cinye shi.

Baban Walid, direba:
Ku kuna ta zancen ruwa, ni hanyar ce ta dame ni. Na jima ina jigila a kanta. Daga Jidda ta bakin teku za ka bi Lis, Ƙunfuza, Muhayil, sannan ka hau Aƙabar Sha'ar, hanyar da ta ratsa dutse, zuwa Abha. Hawa ba matsala sai mota ta yi zafi, sauka ce ke da haɗari. Wanda zai je Lajab daga Abha zai sauka ta Aƙabar Dala zuwa Darb, gangara ce mai tsawo da lanƙwasa a kan lanƙwasa. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ka kai ƙasa ya yi zafi ya daina kamawa. A sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, ko da mai canza giya da kanta ce. A Maris 2023, cikin azumi, wata bas ta masu Umra ta yi haɗari a Sha'ar ta kama wuta, mutum kusan 20 suka rasu. Allah ya ji ƙansu.

Na biyu, in ka tarar da wadi yana gudu ya ƙetare titi, tsaya. Hukumar kula da hanya ta sa tarar Riyal 5,000 zuwa 10,000 ga wanda ya kutsa da gangan. Na uku, wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ya zauna a gida. Yankin Jazan kusa da iyakar Yaman ne, shingayen bincike ba sa wasa.

Abu Hanif, Jidda:
Baban Walid ya faɗi gaskiya kan gangarar nan, mun ji warin birkin motocin da ke gabanmu. Ƙarshen hanyar Lajab kuma ba ta ƙaramar mota ba ce, tsakuwa ce da duwatsu.

Ummu Hanif:
Tunda Abban Hanif ya ba da nasa labarin, bari in ba da nawa. Ranar da suka tafi iyo ni aka bari a masauki da yara. Ranar Suda kuwa yana can gaba yana ɗaukar hoton hazo, ni ina fama da gwaggon biri. Wani ƙato ya zo har kan tabarma ya ɗauke ledar burodi yana kallona ido cikin ido. Don Allah masu zuwa ku daina jefa musu abinci ta tagar mota, ku ne kuka lalata su. Tambayata ga masu haɗa tafiya: mu mata ina namu rabon a wannan iyo? Ko aikinmu gadin takalma da dafa shayi?

Maman Iman, Ɗa'if:
Allah ya biya ki, 'yar uwa. Birai kam mu a Hada da Shafa mun gaji da su. Maganar iyo, mu abin da muke yi shi ne mu haɗa kuɗi mu kama istiraha, wato gidan hutu na haya, mai wurin wanka da katanga, maza su fita da safe mu shiga da 'yan mata, bayan la'asar su karɓa. Ba laka, ba ambaliya, ba mai leƙe. Sai dai ko a nan ido a kan yara, ƙaramin yaro ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin a yi asara.

Kabiru Ɗan Tiga, Riyad:
To ai kun zo inda nake. Wasa nake yi da zancen zagayawa, ba zan karya doka a ƙasar mutane ba, kafilina ma ya ishe ni. Amma maganata ta gaskiya ita ce allo ba ya koya wa yaro ruwa. Yaranmu da aka haifa a nan daga ɗaki sai mota, daga mota sai kanti. In suka girma za su fita da abokai ko mun so ko mun ƙi, ranar kuwa ba Inna Rabi a wurin ba Dakta. Wanda aka ce masa kada ka kusanci ruwa tun yana ƙarami shi ne zai faɗa don kada a ce masa matsoraci. Ni na fi son ɗana ya san yadda zai kwanta rigingine a kan ruwa ya huta, ya san yadda ake jin ƙafa ta riƙe, a gabana.

Dakta Sadiya, Khamis Mushait:
Wannan kam ban ƙi ba ko kaɗan. A koya musu, maza da mata, a wurin da ake ganin ƙasan ruwa kuma akwai mai tsaro. Kuma a koya wa manya abu biyu. Mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, hannuwansa na danna ruwa ƙasa, wanda ke gefe sai ya zaci wasa yake. Na biyu, kada wanda bai ƙware ba ya faɗa ceto, mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya samu, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa masa sanda, ko igiya, ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta. Lambar Difa'ul Madani, wato masu aikin ceto, 998, motar asibiti ta Hilal Ahmar 997.

Abu Hanif, Jidda:
A cikin Lajab dai waya ba ta kama mana ba sai da muka fito fili.

Hajiya Rabi, Makka:
Kun ji ko? Shi da bakinsa.

Malam Nura, ɗalibi a Madina:
Allah ya saka wa kowa. Koyon iyo abu ne mai kyau, ana danganta wa Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mutane na yawan kawo shi a matsayin hadisi, a yi hattara da hakan. Amma ni wata tambaya nake so Abu Hanif ya amsa: salla fa? Kun yi ƙasaru ko kun cika?

Abu Hanif, Jidda:
Ƙasaru muka yi, Malam, a hanya kuma muka haɗa azahar da la'asar.

Alaramma Ɗanjuma, Jarwal:
To a nan akwai magana. Mu abin da muka karanta a gaban malamanmu na Malikiyya, ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba saɓo ya fitar da shi ba, ba kuma wasa ba. Tafiyar kallon hazo da wanka a kwazazzabo, in ba wasa ba mece ce?

Malam Nura, ɗalibi a Madina:
Allah ya gafarta Malam, haka lafazin yake, ban musa ba. Sai dai misalin da malamai suka fi kawowa a nan shi ne mai fita farauta don nishaɗi kawai, kuma ko shi cewa aka yi makaruhi ne, ba a ce sallarsa ta ɓaci ba. Magidancin da ya fitar da iyalinsa daga zafin Jidda don su sarara, ya duba halittar Allah, ina ganin da wuya a kira shi mai wasa. Malaman Hanbaliyya na nan ƙasar kuwa sun sa tafiyar shaƙatawa cikin tafiya ta halal, ana ƙasaru a cikinta. Nisan ma ba gardama, abin da ake nema kusan kilomita 80 ne. Inda za a kula shi ne wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Abha, wannan ya cika salla a mazhabarmu. In ya bi limamin gari ma ya cika.

Alaramma Ɗanjuma, Jarwal:
Na ji, ban gamsu duka ba. Ni in na je cikawa zan yi, ba abin da zai rage ni. Amma ku sa ni a lissafi, ƙafafun nan nawa suna son sanyi.

Kabiru Ɗan Tiga, Riyad:
Allahu akbar, Alaramma ya shigo tafiyar wasa.

Alaramma Ɗanjuma, Jarwal:
Zuwa zan yi in tsare ku, ɗan nema.

Dakta Sadiya, Khamis Mushait:
Kafin a wuce, Malam Kabiru, kai da ka tashi a bakin dam ka san tsargiya. Kudu maso yammacin ƙasar nan, Jazan da Asir, na cikin inda aka san ta tun da, ko da yake hukuma ta yi aiki sosai ta ragu ƙwarai. Ƙwayar cutar na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka, ba sai ya sha ba. Ruwan da ya kwanta mai ciyawa a gefe ya fi haɗari. Wanda ya yi wanka a irin wurin ya ga zazzaɓi ko ƙaiƙayi, ko bayan makonni ya ga jini a fitsari ko bayan gida, ya je asibiti ya faɗi inda ya shiga. Maganin praziquantel ne, yana aiki, amma sai likita ya san abin da yake nema.

Kabiru Ɗan Tiga, Riyad:
A ƙauyenmu da, yaron da bai yi fitsarin jini ba cewa ake bai zama namiji ba tukuna. Allah ya yafe mana jahilci.

Sagir, Jidda:
Ni tambayata kuɗi. Lokacin zafi duk mutanen Riyad da Jidda da na ƙasashen Khalij can suke turewa, masauki sai ya ninka. Mu masu ƙaramin albashi fa?

Abu Hanif, Jidda:
Gaskiya ne Sagir, cikin Abha akwai tsada a wannan lokaci, musamman Alhamis da Juma'a. Mu a Khamis Mushait muka kama ɗaki, ba nisa, ya fi sauƙi. In aka je tsakiyar mako aka haɗa gida biyu a shigga ɗaya, wato sashen gidan haya, mai kicin, aka tafi da tukunya da shinkafa, abin da zai ci kuɗi mai ne kawai. Hawan dutse da zaga tafki ba mu biya ko halala ba. Amma a ware na hanis ko sau ɗaya, naman da ake turarawa a rami da ganyen markh, wanda ya je Asir bai ci ba bai je ba.

Maman Iman, Ɗa'if:
Wanda Abha ta yi wa nisa ya zo mana nan, ko ya wuce Baha ya shiga dajin Ragadan. Sanyin bai kai na Suda ba amma ya isa. Yanzu ma lokacin barshumi ne, wani ɗan itace mai ƙaya, ana sayarwa a bakin hanya, a bar mai sayarwa ya fere, ƙayarsa ba ta fita a hannu da daɗi.

Hajiya Rabi, Makka:
Ni dai ga matsayata. Abha da Suda da zaman bakin tafki, na yarda, har jikokina zan bayar. Lajab a watan nan, a'a. In kun matsa sai kun je, ku bari ruwa ya ɗauke.

Abu Hanif, Jidda:
Inna, ni har yanzu ina ganin in aka shiga da sassafe aka fito kafin azahar, aka duba sanarwar hukumar yanayi ba gargaɗi mai launin ja ko ruwan lemo, ana iya zuwa. Mutanen yankin kullum suna ciki.

Dakta Sadiya, Khamis Mushait:
Mutanen yankin sun san launin ruwan in ya fara sauyawa, sun san ƙarar da ke zuwa kafinsa, sun san ta inda ake hawa. Ku uku majiya ƙarfi kun shiga kun fito. Ayarin mutum ashirin da yara da Alaramma ba ya sauri.

Alaramma Ɗanjuma, Jarwal:
Ni dama ban ce zan shiga rami ba, Dakta. A bar ni a bakin tafki da butata.

Mai kula da zaure:
To ga yadda na fahimta. Tafiyar iyali zuwa Abha tana nan, tsakiyar mako, ba shiga dam, za a nemi istiraha mai wurin wanka don mata da yara, Kabiru ya koya wa maza ƙanana. Lajab an ɗage sai bayan ruwa, manya kawai, wanda ya ga zai iya. Mai so ya turo mini suna da yawan mutanensa ta akwatin sirri, kada a sa lambar waya a nan.

Kabiru Ɗan Tiga, Riyad:
Na karɓi aikin koyarwa, amma a rubuta cewa ban yarda da ɗage Lajab ba. Ni daga Riyad zan taso, in same ku a Khamis.

Baban Walid, direba:
Motata na ɗaukar mutum bakwai, biyu nawa ne. A bar Jidda bayan asuba don a hau Sha'ar da sauran rana, ba na hawanta cikin hazo da dare. Kowa ya duba birki da ruwan inji tun yanzu, kuma a zo da rigar sanyi ta yara.

Hajiya Rabi, Makka:
Baban Walid, ajiye wa jikokina kujera biyu. Kuma a taho mini da zumar sidir kilo ɗaya, ta wurin masu amya, ba ta bakin titi ba. Zan ba Ummu Hanif kuɗin, ita ta iya ciniki.